Amsar Goggo daga Manchesta: abin da ya sa ban bar cocin Turawa ba

Ɗana, saƙonka ya iso tun ranar Talata, na saurare shi har sau uku a cikin bas ina dawowa daga aikin dare. Ban amsa nan take ba saboda na ji muryarka da zafi, irin zafin ɗalibin tauhidi da ya shiga shekara ta biyu, yana ganin kamar duk duniya ba a buɗe Littafi Mai Tsarki sai a ajinsu. Ba laifi, babanka ma haka yake da ƙuruciya, har ya fi ka. Tambaya uku ka dunƙule wuri ɗaya: ko gaskiya ne cocin Ingila ta ajiye Maganar Allah, da dalilin da ya sa ni da na tashi a gindin dutsen Wusasa nake zaune a cikinta, da kuma ko 'ya'yanmu na nan za su tashi masu bi ko mun musanya su da fam. Ta ukun ta yi mini ciwo, amma zan zo kanta.

Na sauka ƙasar nan a 2003, aikin jinya ya kawo ni. Lahadin farko na ɗaura atamfa, na kafa ɗankwali, na ɗauki Littafina na Hausa, na nufi majami'ar da ta fi kusa da gidan da aka sauke mu. Gini ne na dutse da zai ci mutum ɗari biyar, amma mu da muke ciki ba mu kai arba'in ba, kuma kusan kowane kai fari fat da furfura. Kafin in gama daidaita zama an yi wa'azi, an yi baiko, an sa albarka. Awa ɗaya cif. Sai aka koma bayan majami'a shan shayi, na ji wata tsohuwa ta kira Rabaran da sunansa na yanka, babu Baba, babu komai, shi kuwa ya amsa yana wanke kofuna. Na koma ɗaki na yi kuka. Na ce ashe waɗanda suka kawo mana Bishara su sun bar ta a hanya.

Akwai gaskiya a kukan nan nawa. A ƙidayar 2021, waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales kashi 46 ne cikin ɗari, karo na farko ke nan da suka gaza rabi, waɗanda suka ce ba su da addini kuma sun kai kashi 37. Cikin masu amsa sunan Kiristan ma, yawanci aure ko jana'iza ke kai su coci. Sarki ne shugaban cocin a bisa doka, bishof 26 suna da kujera a majalisar dattawa, amma yaron unguwarmu bai san wane ne Musa ba.

Rigimar auren jinsi da kuke ji kuwa, kun san kanun labarinta fiye da ni. A taron Lambet na 1998 bishof-bishof na Angalika suka tsaya a kan cewa aure tsakanin mace da namiji ne. A 2003 cocin Amurka ta naɗa bishof mai zaman jinsi ɗaya, a 2005 cocin Najeriya ƙarƙashin Baba Akinola ta cire ambaton Kantabari, kujerar babban bishof na cocin Ingila, daga tsarin mulkinta, a 2008 aka yi taron GAFCON, haɗakar 'yan Angalika masu riƙe da koyarwar aure ta asali, a Urushalima. Abin da ba ya isa gida daidai shi ne na Fabrairun 2023. Ka ce a saƙonka yanzu ana ɗaura auren jinsi a cocin Ingila. Ba a ɗaurawa. Abin da babbar majalisar cocin ta amince da shi addu'o'i ne na sa albarka ga irin waɗannan mutane, tare da cewa koyarwar aure tana nan yadda take, kuma ba a tilasta wa kowane limami yin amfani da su. Kada ka ɗauka wanke su nake yi. Ni a ganina ba a sa wa abu albarka da hannun dama alhali hannun hagu na riƙe da takardar da ta ce ba daidai ba ne. Amma kai da za ka hau bagade wata rana, ka koyi faɗin laifin mutum daidai girmansa. In ka ƙara masa gishiri, ka karya doka ta tara cikin Dokoki Goma, mai hana shaidar zur, kana ƙoƙarin kare ta bakwai, mai hana zina.

Bari in nuna maka yadda abin ya sauka a ikilisiyarmu, don na bar waccan majami'ar ta farko bayan shekara biyu, na koma wata da ake wa'azi aya bi da aya. Ina cikin majalisar ikilisiya lokacin. Muka zauna wani daren Litinin cikin sanyi, mu goma sha huɗu, kowa da Littafinsa a buɗe a kan tebur. Akwai wani dattijo, tsohon direban bas, wanda ɗansa ke zaune da namiji. Kowa ya sani, kowa kuma yana satar kallonsa. Da aka zo kansa ya daɗe bai ce komai ba, yana murza gefen shafi da yatsa. Sannan ya ce yana ƙaunar ɗansa fiye da ransa, ɗansa zai ci abinci a gidansa har ranar da zai mutu, amma shi ya karanta Farawa sura 2 da Matiyu 19 da Romawa 1, ya juya su ta kowace fuska yana neman ƙofa, bai samu ba, kuma ba zai ce Allah ya faɗi abin da bai faɗa ba. Hawaye na zuba yana magana. Muka yanke cewa ba za a yi waɗannan addu'o'i a ikilisiyarmu ba, aka rubuta wa bishof, aka kuma buɗe hanya ga mai son baikonsa ya tafi ga ikilisiyoyin da suka tsaya a kan wannan koyarwa kaɗai. Iyali biyu suka bar mu saboda mun yi tsauri. Wasu uku suka bar mu saboda ba mu fice gaba ɗaya ba.

Ɗana, a gida faɗin wannan magana ba ya cin ko kwabo. Ka faɗe ta a bagade jama'a su ce amin, ka sauko a ba ka ruwan sanyi. Dattijon nan da ɗan cikinsa ya biya. Tun daren nan na daina cewa Turawa sun yar da Littafi, sai dai in ce waɗansu.

Mu 'yan arewa da ke nan mun rabu kashi-kashi a kan wannan. Akwai waɗanda suka koma coci-cocin 'yan Najeriya, waɗanda suka cika garuruwan ƙasar nan, wasu a tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya, wasu a majami'un da Turawa suka sayar. Can akwai ganga, akwai rawa, akwai dafa-duka bayan sujada, kuma ba mai kawo zancen auren jinsi. Na zauna a ɗaya daga cikinsu wata takwas. Abin da ya kore ni, ranar da aka kira masu shuka iri na fam dubu su fito gaba, na ga wata yarinya ɗaliba da na san kuɗin hayarta ma da ƙyar take haɗawa ta miƙe tana rawar jiki, an ce mata takardun zamanta na cikin wannan iri. Na nemi ayar da ta ce haka, har yau ban gani ba. Akwai kuma waɗanda suka shiga ƙananan ikilisiyoyin Angalika da ke ƙarƙashin GAFCON, a wajen cocin Ingila, kuma ina girmama su. Sai mu da muka zauna ciki muna cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kashi na huɗu ba a cika zancensu ba, su ne waɗanda aikin Lahadi ya cinye, tun ana ganinsu wata-wata har aka daina. Waɗannan sun fi ba ni tsoro a kan kowane bishof.

Ka tambayi malaminku ya buɗe muku Sharuɗɗan Addini 39 na Angalika, waɗanda aka kammala tun 1571, ku karanta na 6 da na 20 da na 34 a jere. Na 6 ya ce Nassi ya ƙunshi duk abin da ake bukata domin ceto, abin da ba a samu a cikinsa ba kuwa, ba a tilasta wa kowa gaskata shi. Na 20 ya ce ikilisiya tana da ikon tsara hidima da yanke hukunci a gardamar bangaskiya, amma ba ta da ikon kafa abin da ya saɓa wa rubutacciyar Maganar Allah, ba ta kuma da ikon fassara wata aya ta yadda za ta ci karo da wata. Da wannan muke riƙe bishof-bishof ɗinmu na nan, da takardar kakanninsu. Na 34 kuwa mu ya kama. Ya ce ba dole ne al'adu da tsarin sujada su zama iri ɗaya a ko'ina ba, suna iya sauyawa bisa ga ƙasa da zamani da halin mutane, muddin ba a saɓa wa Maganar Allah ba.

Ban san nauyin wannan sharaɗi ba sai da ƙanwarka ta kai shekara goma sha huɗu. Wata Lahadi ta sauko da wando za ta coci, kai ba ɗankwali. Na ce ta koma ta sake. Ba ta yi mini tsiwa ba, ta dai ɗauko Littafi ta ajiye a kan teburin kicin, kusa da tukunyar da nake dama kunu, ta ce, Mama, nuna mini. A Wusasa da mari ya riga amsa fita. Nan kuwa, ban da ma dokar ƙasa, na ga idan na mare ta na koya mata cewa hannuna ya fi Littafin ƙarfi. Muka makara a coci ran nan. Na buɗe Maimaitawar Shari'a 22, inda aka hana mace sa kayan maza. Ta ce to ai a sura ɗin nan an hana haɗa ulu da lilin a tufa ɗaya, kuma wandon nan a sashen mata aka saye shi, Yesu ma riga ya sa ba wando ba. Na buɗe 1 Korintiyawa 11 kan lulluɓe kai, nan ta yi shiru, muka karanta tare har sau biyu, muka ga maganar ba ta da sauƙi kamar yadda kowaccenmu ta zata. Muka ƙare a 1 Timoti 2, kan sutura ta kunya da kamunkai, nan dai ba gardama. Ta tafi da wandonta da doguwar riga a kai. Ni har gobe ba na shiga sujada ba ɗankwali, amma na daina cewa wadda ba ta ɗaura ba ta yi zunubi.

Tun daga ranar zaman gidanmu ya koma tankaɗe. Kowane abu da na taso da shi sai an zuba shi a rariya, a ga wanne ne gari, wanne ne tsaki. Sujadar awa uku, al'ada ce. Zaman maza gefe mata gefe, al'ada ce. Durƙusa wa babba al'ada ce, amma girmama iyaye doka ce, don haka 'ya'yana suna durƙusawa, sun kuma san daga ina kowanne ya fito. Bulala ta ba mu wahala. Karin Magana ta yi zancen sanda, Afisawa 6 kuma ta ce iyaye kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi. A Sikotland an hana dukan yaro gaba ɗaya tun 2020, a Wales tun 2022, a Ingila kuwa duka in ya bar tabo ma'aikatan kula da yara na iya ƙwanƙwasa maka ƙofa, kuma mun ga iyalan da abin ya faɗa wa. Dole muka koyi horo da baki, da hana abin da yaro ke so, da zama a yi magana har dare. Ya fi bulala cin rai nesa ba kusa ba. Abin da tankaɗen bai zubar ba shi ne addu'ar safe da ta dare a gida, da faɗin gaskiya ko a takardar neman tallafi, da tsarkin aure, da taruwa da 'yan'uwa ran Lahadi ko da daga aikin dare aka fito ido jawur.

Yanzu ka ba ni dama in juyo da rariyar wajenku, tunda laifi tudu ne. Littafin da ya yi magana a kan aure shi ne ya ce ba Bayahude ba Baheleni. Sau nawa aka tashi zaɓen shugaba a ikilisiya a gida, aka fara da tambayar shi wane yare ne? Yakubu sura 2 ta hana ba mai zoben zinariya kujerar gaba, amma wa ke zama a gaba ranar godiyar kaka? A nan, kowace shekara ana karanta lissafin kuɗin ikilisiya a gaban kowa, wani na waje ya duba shi, tsohuwa mai sanda ta ɗaga hannu ta tambayi inda fam ɗari biyu suka shiga, Rabaran ya tsaya ya ba ta amsa. Ba a kiran sunan mai bayarwa. Duk wanda zai koyar da yara sai an binciki tarihinsa a wajen hukuma, ko shi wane ne. Su ma ba da son ransu suka koyi wannan ba, abin kunya ne ya koya musu. Babban Bishof na Kantabari na lokacin, Justin Welby, kansa ya sanar da murabus a Nuwamban 2024 bayan rahoton da ya nuna cocin ta yi sakaci da zancen wani mutum da ya daɗe yana azabtar da samari. Abin ya yi muni ƙwarai. Amma na tambayi kaina, a gida wane babba ne zai sauka saboda kukan yara?

Ka kawo zancen matar da aka sanar a Oktoban 2025 za ta hau kujerar Kantabari, Sarah Mullally. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ta taɓa zama shugabar masu jinya ta Ingila baki ɗaya, don haka abokan aikina sun yi ta tsokanata wai tamu ta samu. Cocin nan tana naɗa mata limamai tun 1994, bishof mace ta farko kuma a 2015, cocinmu ta gida ba ta yi. A zumuntarmu akwai masu ganin Nassi ya hana, akwai 'yan ɗarikun da suka saba da mata a bagade, kuma muna cin tuwo a kwano ɗaya. Ni abin da ya fi damuna goyon bayanta ga waɗancan addu'o'i, ba zaninta ba.

Zumuntar da nake faɗa, Asabar ɗin ƙarshen wata muke yinta a wani zaure da muke haya. In ka shigo sai ka rantse kana Sabon Gari. Akwai 'yan ECWA, da COCIN, da EYN, da HEKAN, da Baftis, da Katolika, da mu. Hausawan asali ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, sauran Birom ne da Bajju da Angas da Tangale da Bura, amma Hausa ce ke haɗa mu, da Littafin Waƙoƙi da duk bangonsa ya mutu an like da salatif. Matan Zumunta su ɗauko tulu da kacau-kacau, a yi waƙa har mai gadin zauren ya leƙo. Bayan nan masa da miyar taushe. A gida waɗannan ɗariku kowa na jan nasa, nan sanyi ya tara mu a murhu ɗaya. Dokarmu guda ce, duk wanda ya tashi yin gargaɗi ya faɗi sura da aya, a buɗe a gani, kamar mutanen Biriya da suka riƙa bin diddigin wa'azin Bulus kansa. Karatu ana yi da Hausa sannan wani yaro ya maimaita da Turanci. Wasu dattawa sun ƙi wannan da farko, sai wani ya tuna musu sharaɗi na 24, wanda ya hana yin sujada da harshen da jama'a ba sa ji. Harshen da 'ya'yanmu ke mafarki da shi Turanci ne, ko mun so ko mun ƙi.

Har yau in na ce ni Bahaushiya ce Kirista, 'yan kudu sukan ce ba a yi ba, Hausawa 'yan'uwanmu Musulmi kuma su tambaye ni asalin garinmu, sai na ce Zazzau su yi dariya. Amma muna zuwa sunansu, suna aiko mana da naman layya, ranar da Inna ta rasu kuwa matansu ne suka fara cika mini falo. Wadda ta karɓi aikina na mako biyu don in zo jana'iza wata Baturiya ce da ke zaune da mace 'yar'uwarta. Ta san abin da na gaskata, don ta taɓa tambayata na kuma faɗa mata ba tare da kwana-kwana ba. Ba ta fasa ba, ni ma ban fasa kai mata abinci da ta kwanta ciwo ba. A wurin aiki doka ba ta yarda in tura wa majinyaci addinina ba, kuma ina kiyayewa. Amma wani dare wani tsoho da numfashinsa ya kusa ƙarewa ya ga ƙaramin gicciyen wuyana ya roƙi in karanta masa Zabura 23. Na fara da Turanci, na kai tsakiya ta ɓace mini, sai na ƙarasa da Hausa. Bai saki hannuna ba.

Ka tuna daga inda muka fito. Kakanninmu Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun Turawa ba su zo ba, neman labarin Isa suke yi kafin su taɓa ganin ɗan mishan. Da suka sami Dokta Miller a Zariya a 1913, littafin da ke hannunsa suka bi. An koma Wusasa a 1929, aka gina majami'ar da kai da ni aka yi mana baftisma a cikinta da ƙasa, ginin Hausa, Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932. Ba Kantabari suka tuba wa ba, don haka tangal-tangal ɗin Kantabari ba zai kwashe mini ƙafa ba. Ina da iyakata, kuma na faɗa wa Rabaran ita a gaban majalisa: ranar da aka tilasta wa ikilisiyarmu yin abin da Nassi ya hana, ko aka hana shi wa'azin abin da ke rubuce, ran nan zan ɗauki jakata. Ranar ba ta zo ba tukuna. Mijina yana ganin ta riga ta zo, mun kwana biyu muna wannan gardama, shi ya sa wata Lahadin yakan tafi wajen 'yan GAFCON.

Game da 'ya'ya, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ƙanwarka tana koyar da yara a makarantar Lahadi yanzu, da wandonta. Ƙanenka tun da ya tafi jami'a ya ja baya, yana cewa yana da tambayoyi, ni kuwa na ce ya kawo su teburin kicin, tukunyar kunu na nan. Ka sa shi a addu'a da sunansa, ka kuma kira shi, amma don Allah kada ka fara da wa'azi.

Akwai mai zuwa wajenmu daga Kaduna ƙarshen wata, babanka ya san shi. Ka samo mana Littafin Waƙoƙi guda goma masu bango mai ƙarfi, da Littafi Mai Tsarki ɗaya mai manyan baƙaƙe, idanuna sun fara gajiya. Ka ce wa mamanka kukar da ta aiko ta ƙare, daddawa ma saura kaɗan, ta naɗe ta da kyau a leda uku saboda masu binciken kaya. Ka gaishe da Baba Rabaran da mutanen gida duka.